A DAINA ƊORA WA DUƘUSHI SIRDI TUN BAI CIKA BAKI BA

Ina roƙon Edita ya ba ni fili a wannan takarda tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na san wani zai ce, to mu da sana'armu shanu, ina ruwanmu da zancen doki? Ai kuwa da ruwanmu. Wane ne a cikinmu ba a taɓa yi wa sautun doki ba? Da an ce Salla ta matso, sai ka ji wani Alhaji ko wani mai sarauta ya aiko, wai idan ka shiga Adumri ko Bogo, ko ka tsallaka Cadi, ka duba masa doki mai kyau. Wani daga nan Garwa, wani daga Marwa, wani daga Yola ko Mubi, wani ma tun daga Kano. Mu ne muke dubawa, mu ne muke tayawa, mu ne muke ɗoro shi a mota tare da shanu, mu ne kuma muke karɓar la'ada. Saboda haka idan dokin nan ya nakasa a banza, ba za mu ce hannunmu babu ƙura ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin abin da nake gani duk shekara idan an kusa hawa. Za ka ga duƙushi ɗan shekara biyu, haƙoran nono cike da bakinsa, an ƙaƙaba masa linzami mai zobe, an ɗaure masa sirdi da jalala da kayan ado, ƙato ya ɗare a kai yana zuba masa ƙaimi, wai ana horar da shi. A cikin mako uku ko huɗu ana so ya iya sukuwa, ya iya zamiya a gaban fada, ya iya rawa idan an busa algaita. Jama'a, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ba horo ba ne, karya dabba ne, kuma ɓarnar dukiya ce.

Ba wa'azin wanda bai taɓa laifi ba nake yi. Ni kaina na aikata, shi ya sa abin yake yi mini zafi. A watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, farashin kome ya rikice, ina saurayi ina bin mahaifina kasuwa, Allah Ya jiƙansa. Na samu wani duƙushi akawal a hannun wani Bafillace, dogo, mai faɗin ƙirji, da ɗan fari a goshi. Na saye shi da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Mahaifina ya buɗe bakinsa ya duba, ya ce da ni, "Wannan bai ko fara famfara ba. Ka kai shi gida ka ci da shi shekara biyu, in ya so ka sayar da shi kuɗin bijimai uku." Na ce, "To, Baba." Amma zuciyata ba ta ce to ba. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi wani attajiri ya zo neman dokin da ɗansa zai hau da ƙaramar Salla. Ya tambaye ni, "Yaro, ya isa hawa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi tsayinsa mana." Ban yi ƙarya da baki ba, amma na san abin da na ɓoye. Ya biya, na ci riba, na yi ta murna.

Bayan babbar Salla sai ga dokin an jawo shi kara. Wallahi da ƙyar na shaida shi. Bayansa ya lotsa, ga miki a inda sirdi ke zama, ƙafafun gaba sun kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, yana ɗingishi, idan ka kai hannu wajen bakinsa sai ya zabura kamar ka nuna masa wuta. Ko rabin kuɗinsa ba a taya ba. Daga ƙarshe wani mai amalanke ya saye shi. Mahaifina bai zage ni ba, bai daka mini tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "Ka sayar da doki, ka haɗa da sunanka a cikin cinikin." Haka kuwa aka yi, domin gidan attajirin nan ba su sake sayen ko akuya a hannuna ba har ya bar duniya.

To, bari mu zo kan abin da kowa a cikinmu ya sani. Babu dillalin da zai taya sa bai ɗaga leɓensa ya ƙirga haƙora ba. Mun san mai biyu, mun san mai huɗu, mun san mai shida, mun san wanda ya cika takwas. Doki ma haka Allah Ya yi masa alama a baki, sai dai shi yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, shida a sama shida a ƙasa, ba kamar sa ba da babu na sama. Na tsakiya suna faɗuwa manya su fito yana wajen shekara biyu da rabi. Na kusa da su yana shekara uku da rabi. Na gefe yana shekara huɗu da rabi. Idan ya kai biyar sai a ce ya cika baki, kuma a tsakanin huɗu da biyar ne fiƙa take fito wa namiji. Haƙorin nono ƙarami ne, fari fat, mai ɗan wuya a gindi. Na girma ya fi faɗi, ya fi tsawo, da ɗan rawaya-rawaya. Wanda ya iya karanta bakin sa, rana ɗaya ta ishe shi ya koyi na doki. Ashe ke nan ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne tsayi. Duƙushi yana shekara ɗaya ya riga ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na tsayin da zai yi a rayuwarsa, alhali kuwa jikinsa bai ko kusa ƙosawa ba. Ido ya ga doki, amma a ciki yaro ne. Likitocin dabbobi sun yi bayani cewa a ƙarshen kowane dogon ƙashi na ƙaramar dabba akwai wani wuri mai taushi kamar guringuntsi, ta nan ƙashin yake ƙaruwa, sai girma ya ƙare wurin yake daskarewa ya zama ƙashi sosai. A jikin doki daskarewar nan daga ƙasa take farawa ta yi sama. Na kusa da kofato suna rufewa tun yana 'yan watanni, na gwiwa sai ya kai shekara biyu ko biyu da rabi, na kafaɗa da cinya su biyo baya, sannan na ƙarshe duka su ne na gadon baya da wuya, waɗanda ba su gama ƙosawa sai doki ya kai shekara biyar zuwa shida, wani ma ya zarce. Yanzu don Allah ku duba: inda ya fi ko'ina jinkirin ƙosawa a jikinsa, nan ne daidai muke aza sirdi mu hau mu zauna. Kamar mutum ne ya yi ginin soro, azara ba ta gama kamawa ba ya tara jama'a a sama.

Ga kuma nauyi. Masana kiwon doki suna ba da shawarar kada mahayi da sirdinsa su wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin, wannan ma ga doki ƙosasshe ke nan. Idan dokinka kilo 300 ne, watau kilo 60 ke nan har da sirdi. To dawakinmu na nan ba manya ba ne kamar na Turai, kuma kowa ya san nauyin sirdinmu na itace da likkafa da jalala da sauran tarkace, balle a ce an sa lifidi. Ka haɗa wannan da magidanci da rawaninsa da alkyabbarsa, ka aza wa ɗan shekara biyu, a cikin zafin Garwa na watan Maris ko Afrilu, sannan ka ce ya yi sukuwa. Ina tsoron Allah a nan?

Sai zancen baki. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi bakin doki a cikin canji yake, ba haƙoran gaba kaɗai ba har da matauna, dasashi yana ciwo kamar yadda yaro yake fama. A daidai wannan lokaci ne ake sa masa linzaminmu na gargajiya, mai zobe da ke kama haɓa da ƙarfen da ke dukan ganɗa. Linzamin nan ba don ɗan koyo aka ƙera shi ba. An yi shi ne domin doki horarre a hannun gwani, wanda da ɗan motsin yatsa ya isa. A hannun mai garaje kuwa wuƙa ce. Jan kumfar da kuke gani a bakin doki ranar hawa, mutane suna tafi suna cewa doki ya yi zafi, ai jini ne. Kuma dokin da aka fasa wa baki yana ƙarami, ɗayan biyu ne: ko bakin ya mutu ya daina jin linzami ya riƙa kwasar mahayi da gudu cikin jama'a, ko ya zama mai tsoro, mai tutsu, mai miƙewa tsaye. Sai ka ji an ce dokin mugu ne. A'a, ba a haifi doki da mugunta ba, mutum ne ya koya masa.

Zamiya kuwa, watau a sako doki a guje a ja shi ya tsaya cak ya durƙusa a kan ƙafafun baya, ita ce ƙawar hawanmu, ni ma ina son ganinta. Amma duk nauyin doki da na mahayi a kan gaɓoɓin ƙafar baya da ƙugu yake sauka. Aikin ingarma ne mai shekara shida, ba na duƙushi ba. Wanda aka sa shi tun gaɓoɓinsa ba su yi ƙwari ba, kumburin da zai samu ba ya warkewa, sai dai a yi ta shafa magani ana lallaɓawa.

Iyayenmu da kakanninmu ba haka suka yi ba. Ƙasar nan ta Fombina a kan doki aka kafa ta, tun daga zamanin Modibbo Adama da ya karɓo tuta a wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Yola a 1841, har zuwa lokacin da Jamusawa suka shigo Garwa a 1901. A wancan zamani doki rai ne. Wanda zai shiga daga da shi ba zai yarda a ba shi wanda aka gurgunta tun yana ƙarami ba. Har yau idan ka je fadojin da suka riƙe al'adar doki, irin su Rai Buba, da Demsa a Gashiga nan kusa da mu, da Garwa kanta, ka zauna da tsofaffin 'yan barga, za ka ji cewa abin da suke taƙama da shi shi ne daɗewar doki a hannunsu, ba saurin hawansa ba. Wani dattijo da ya yi rayuwarsa a barga ya taɓa ce da ni, "Ɗana, shekarar da ka sata a farkon doki, biyar za ka biya a ƙarshensa." Na ce, "Baffa, ai na riga na biya."

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Malamanmu sun karantar da mu a Muwaɗɗa da Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, amma bai gwama su duka a zango ɗaya ba. Waɗanda aka riga aka shirya, aka rage musu teɓa, aka sabar musu da gudu, an ba su daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, abin da maruwaita suka ƙiyasta mil biyar zuwa bakwai. Waɗanda ba a shirya ba kuwa daga Saniyya ne zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil guda. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa dawakin da suka cika baki su ne aka ƙara wa nisan zango. Watau kowane doki da gwargwadon shirinsa da shekarunsa. Shari'ar da ta ƙayyade mana shekarun saniyar zakka, ta ce a mazhabarmu san layya sai ya cika uku ya shiga ta huɗu, ita ce ba za ta damu da shekarun dokin da za a hau ba?

Idan muka leƙa ƙasashen waje ma za mu ga abin da ya kamata mu yi tunani a kai. Turawa suna da irin tasu rawar dokin, wadda suke kira dresaj, har gasar Olamfik ana yin ta. Doki ne zai yi tafiya da sassarfa da sukuwa daki-daki, ya yi gefe, ya juya a kan ƙafar baya, ya yi rawa a tsaye wuri guda, ba ka ko ganin motsin hannun mahayi. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai makarantar horon doki wadda ta haura shekara 450, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2015. Fararen ingarmunsu ana haifarsu ne a wani gandu da ake kira Piber, a sake su su yi ta guje-guje a kan tsaunuka da 'yan'uwansu, ba a fara horar da su sai sun kai wajen shekara huɗu, sannan a ɗauki kimanin shekara shida kafin a ce doki ya ƙware. Sakamakon haka za ka ga doki ya haura shekara ashirin yana aiki. Ita kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ba ta yarda doki ya shiga babban mataki na wannan gasa sai ya kai shekara takwas, kuma gasar da ake yi wa ƙananan dawaki an raba ta ne aji-aji, na 'yan biyar daban, na 'yan shida daban, na 'yan bakwai daban, kowane aji da abin da aka yarda a nema a wurinsa. A tsarin horon da Jamusawa suka shimfiɗa, abin farko shi ne doki ya yi taku daidai, ya saki jiki, hankalinsa a kwance. Tattara nauyi a kan ƙafafun baya, wanda shi ne ɗan'uwan zamiyarmu, shi ne matakin ƙarshe. Mu kuma da shi muke farawa. Ba ina cewa duk Bature salihi ne a kan doki ba, su ma akwai masu cuta a cikinsu, har akan dakatar da manyan mahayansu saboda dukan doki. Amma dai sun kafa doka, kuma dokar tana cizo.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko za su ce ai itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Ni ban ce a bar duƙushi sakaka har shekara biyar ba a taɓa shi ba, kuma ban ce a ɗaure shi a turke da dabaibayi dare da rana ana ɗura masa gero ba. Wannan ma cuta ce, domin ƙashi da jijiya da motsi suke yin ƙwari, duƙushin da bai yi gudu da tsalle yana ƙarami ba, rago ne. Horo tun ran haihuwa yake farawa, sai dai kowace shekara da darasinta.

Ga yadda na gani a wurin masu abin, na kuma gwada da hannuna. Yana bin uwarsa a riƙa shafa shi, a riƙa ɗaga kofatonsa, a sa masa ragama mai taushi, kada a yaye shi kafin wata shida. Daga shekara ɗaya zuwa biyu a koya masa bin mai ja, ya san tsaya ya san tafi, a riƙa fita da shi gefen gari ya saba da ganga da algaita da ƙarar babur da taron jama'a, a kuma sake shi a fili ya yi wasansa. Idan ya fara famfara a ɗora masa jalala kaɗai, bayan kwanaki a ɗora sirdi babu kowa a kai, a ja shi kusa da tsohon doki mai hankali. Ya shiga shekara uku da rabi, yaro marar nauyi ya hau, da ragama ko linzami marar zobe, tafiya kawai, da sanyin safiya, kamar kwata na awa, yau a hau gobe a huta. Daga huɗu zuwa biyar a ƙara sassarfa da ƙilisa, da 'yar sukuwa a kan rairayi irin na bakin Binuwai da rani, ba a kan tsandauri ko kwalta ba; in an kai shi hawa ma ya bi sahun baya da tafiya, ya ga duniya ya dawo. Sai ya cika baki, ya doshi shida, sannan a shiga zamiya da rawa da kaya masu nauyi. Kuma a kowane mataki dokin ne zai gaya maka ko ka yi sauri: idan ka ga yana lanƙwasa baya da an kawo sirdi, ko yana kwantar da kunne, ko ka shafa ƙafa ka ji zafi ko kumburi, ko ya bar abinci, to koma baya mataki ɗaya. Ba faɗuwa ba ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu za su ce, wa zai ci da doki shekara uku yana zaune, ga tsadar gero da dusa da harawa? Wannan magana ce ta gaskiya, ba na raina ta, kowa ya san halin da ake ciki. Amma mu 'yan lissafi ne, mu yi lissafi. Dokin da aka bari ya ƙosa yana iya yi maka aiki shekara goma sha biyar ko fiye, ka hau, ɗanka ya hau, ka ba da shi barbara, in ka tashi sayarwa ka sayar da daraja. Wanda aka karya yana ƙarami Salla biyu ko uku zai yi, sauran kuɗin magani ne. Wanne ya fi tsada? Mu da muke sayen ɗan maraƙi mu ajiye shi mu jira ya zama bijimi, yaya aka yi haƙurin nan yake ƙare mana idan an zo kan doki? Wanda kuma ba shi da halin jira, ai sai ya sayi babban doki tun farko, ko ya ari na ɗan'uwansa ya yi hawansa.

Na uku za su ce ai a Ingila da Faransa da Amurka ana tsere da 'yan shekara biyu. Haka ne. Amma mahayin nan bai fi kilo hamsin da 'yan kai ba, sirdinsa kamar tafin hannu, filin an gyara shi musamman, gudun na minti ɗaya ne ko biyu, ga likita a tsaye. Duk da haka can ma ana ta gardama a kai. Ina wannan ina wuni guda a rana da kaya niƙi-niƙi?

Kada 'yan'uwa su ɗauka wannan magana ta tsaya a kan doki. Irin wannan gaggawa muna yin ta a kan shanun huɗa. Tun da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, noma da dabbobi ya bazu a wannan yanki, kuma kowa ya ga yadda manoma suke cika kasuwannin Ngong da Pitowa da Gidar idan damina ta ƙarato suna neman abin ja da garma. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya tafi ga ƙananan bijimai don sun fi araha, mu kuma mu ce masa ai za su iya. A sa musu karkiya tun haƙoran girma ba su fito ba, a shiga da su ƙasa mai tauri, su tsumbure, wuya ya yi miki, su tashi ba su ga noma ba su ga nama. Alhali da an bari sun yi haƙori huɗu, aka fara da jan itace da amalanke marar kaya, da sun yi wa manomi damina huɗu ko biyar, sannan ya turke su ya dawo mana da su da ƙiba, shi ya ci riba mu ma mu ci.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana da abu huɗu. Na farko, duk wanda zai sayar da doki ko san huɗa, ya buɗe bakinsa a gaban mai saye ya faɗi shekarunsa tsakani da Allah. Ɓoye aibi haram ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Masu cire wa duƙushi haƙoran nono don a ga kamar ya girma, su ji tsoron ranar da za a buɗe nasu bakin. Na biyu, idan aka yi maka sautun dokin Salla, kada ka kawo wanda bai kai biyar ba; in mai kuɗi ya nace sai duƙushi, ka gaya masa a gaban shaidu cewa na ajiya ne ba na hawa ba. Na uku, ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana a taro mai zuwa, a gayyato likitan dabbobi ya nuna wa samarinmu yadda ake karanta bakin doki da duba ƙafarsa. Muna da LANAVET a Bokle nan bakin Garwa, muna da ma'aikatan kiwo a kowace babbar kasuwa, ba rashin masana muke yi ba, rashin tambaya ne. Na huɗu, ina miƙa koke cikin ladabi ga iyayenmu Lamiɓe, Allah Ya ƙara musu lafiya da nasara, da su umarci masu kula da barga su hana a shigo da duƙushi sahun masu sukuwa, ko da Salla ko ran 20 ga Mayu. Kalma ɗaya daga fada ta fi shekara guda ta surutun irina.

Mu tuna fa, kasuwar doki tana da gaba. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya, kuma muddin ana hawa a ƙasar Hausa da Adamawa ba za a daina neman doki ba. Mai saye daga Nijeriya ba ya iya zuwa kowace kasuwa da kansa, amanarmu yake saye kafin ya sayi dabba. Idan aka san cewa dokin da ya fito ta hannun 'yan Garwa shekarunsa na gaskiya ne, bayansa lafiya, bakinsa lafiya, to ko an rufe iyaka an buɗe, mu za a nema. Idan kuwa aka san mu da tura gurgu, labari ya fi mota saurin tsallaka iyaka, kuma ba ya tsayawa a duwan.

Wannan shi ne ɗan abin da na ga ya kamata in tunatar da kaina da ku. Wanda ya fi ni sani, ina maraba da gyaransa a wannan fili. Inda na yi daidai Allah Ya ba mu ladan baki ɗaya, inda na yi kuskure Ya yafe mini. Allah Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya tsare mu da hanya, Ya ba mu ikon tausaya wa dabbobin da Ya hore mana, amin.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku dillalin dabbobi,
Garwa.